A Ajiye Mana Akwati a Ƙofar Laburare



Tun farkon zangon nan aka hana mu fita da littafi daga laburaren makarantarmu, wai an ƙirga an tarar da yawa daga waɗanda aka ara ba su dawo ba. Ni a ganina ba sata ce ta riƙe yawancinsu ba, tsoro ne. Ina faɗin haka domin ya faru da ni.

Bara da damina na ari Magana Jari Ce, littafi na biyu, na Abubakar Imam. Ruwa ya kama ni a hanyar gida, jakata ta jiƙe, bangon littafin ya kumbura. Sati biyun da aka ba ni suka wuce. Kullum na tuna da tara da bulala da kiran suna a gaban kowa, sai in sake tura shi ƙasan akwatin Inna. Ya kusa zango guda a can, ba ni karantawa, ba wani karantawa. Sai da Inna ta gano shi ta tasa ni gaba na mayar.

Kwanan baya yayana da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. A manyan laburare na Turai da Amurka akwai taga a bango, kana zura littafi sai na'ura ta karanta wata 'yar alama da aka liƙa a cikinsa, ta goge sunanka daga masu bashi, sannan bel mai tafiya ya kai shi kwandon da ya dace. Ba gudunta ne ya burge ni ba. Na lura ba ta hararar kowa, ba ta tambayar me ya sa ka makara.

Ba cewa nake a sayo mana ita ba. Ina kuɗin, ina wutar, ina mai gyara idan ƙurar hunturu ta shige ta? Su ma masu ita, in ta tsufa sai sun nemi kuɗin canzawa. Kafinta kawai muke bukata ya haɗa akwatin katako mai tsaga a sama da kwaɗo a gefe. Sannan Shugaban Makaranta ya ba da sati ɗaya na yafiya: duk mai littafi ya jefa, ba tara, ba tambaya.

Jerawa kuma mu 'yan kulob ɗin jarida za mu iya. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya kasa ilimi gida goma, misali 200 addini, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Yanzu dai littafin lissafi a tsakanin labarai ake samunsa, in ma an same shi. Mutum biyar a hutun kalaci sun isa su mayar da kowanne kantarsa.

Na san wani malami zai ce ai sai yara su yage shafi su jefa su gudu. Gaskiya ne, za a samu. Amma rajista tana nan, lambar littafi za ta nuna wanda ya ara, a kira shi gefe a yi masa magana. Ga jarrabawa saura 'yan makonni, kuma a ajinmu mu uku muke haɗa kai a kan littafin kimiyya ɗaya.