Baƙin sararin sama da baƙin Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya san ciniki ba ya kwana a kasuwar bisashe. Dillali na iya jan mai saye da mai dabba tun hantsi har la'asar, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, amma kafin motocin Yamai su ɗaga dole ne a ji an sallama, ko kuwa kowa ya ja igiyarsa ya yi gida. Mai kanti kuwa, wanda ke ba ma'aikaci shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata, ba ya ƙaunar a rufe littafin, domin ragowar bashin nan ita ce ke dawo masa da mutuminsa. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin fim ɗin silima da wasan talabijin mai dogon zango. Na farko cinikin ranar kasuwa ne. Na biyu littafin bashi ne, kowane mako a biya kaɗan a ƙara cin wani.

Amurkawa sun gwada haɗa biyun. A watan Satumba na 1993 tashar Fox ta fara nuna wasan da Chris Carter ya ƙirƙiro, The X-Files, wanda masu jin Faransanci suka sani da sunan Aux frontières du réel. Jami'ai biyu ne na hukumar bincike ta FBI: Mulder, wanda ya yi imani cewa wasu halittu daga sararin sama ne suka sace ƙanwarsa tun yana yaro, da Scully, likita wadda ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. A bayansu akwai wata ƙungiyar dattawa masu iko da suka ƙulla yarjejeniya da baƙin a ɓoye, suna kashe shaidu suna ƙone takardu. Shekara biyar ana jan masu kallo da alkawarin gaskiya na nan tafe. Sai a watan Yuni na 1998 aka kai labarin gidajen silima, Rob Bowman ya ja ragamar aikin, aka kashe kimanin dalar Amurka miliyan 66, aka samo wajen miliyan 189.

Ta fuskar kuɗi an ci riba, babu musu. Ta fuskar labari kuwa, an yi wa jama'a rawar ƴan mata ne, a yi gaba a dawo baya. An tashi wani gini da bam a Dallas, an nuna gonakin masara da ƙudan zuma masu ɗauke da cuta, an tafi har ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya inda wani ƙaton jirgi ya fasa ƙasa ya tashi sama. Amma a daidai lokacin Scully tana cikin magagin ciwo, ba ta ga abin da za ta rantse a kansa ba. Dalili a fili yake. Zango na shida na jiran farawa a talabijin cikin watan Nuwamba na shekarar, kuma mai kanti ba ya yaga littafinsa. Da wasan ya tsaya a 2002, an sanar da masu kallo cewa baƙin za su mamaye duniya ranar 22 ga Disamba 2012. Fim na biyu, na 2008, ya kauce wa zancen baƙin ɗungurungum, abin da ya samo bai kai rabin na farko ba. Ranar da aka yanka ta zo ta wuce. An sake tada wasan a 2016 da 2018, bashin dai yana nan.

Wani abin lura ga ɗan Afirka shi ne inda aka ajiye nahiyarsa cikin labarin. Fim ɗin 1998 ya ƙare ne a hamadar Tunisiya, inda maƙarƙashiyar ta koma ta shuka masararta, a 1999 kuma aka tono jirgin baƙin a bakin tekun Kodebuwa. Wato dai nan ne bayan gari, inda ake jefar da abin da ba a son a gani.

To, me ya sa miliyoyin mutane masu ilimi suka yarda aka ja su haka? Ruwa ba ya tsami banza. Jama'ar da ta ga badaƙalar Watergate ta kori shugaba Nixon a 1974, ta kuma ji sojan samanta sun amsa a 1994 cewa abin da ya faɗo a Roswell a 1947 kayan wani shirin sirri ne na sauraren gwajin bam ɗin Rasha, ba abin da aka gaya mata a da ba ne, ba ta buƙatar dogon wa'azi kafin ta yarda gwamnati na iya ɓoye mata magana. Baƙin sama ado ne kawai. Ainihin hajar da ake sayarwa ita ce rashin yarda da hukuma.

A nan ne ɗan Nijar zai yi murmushi, don shi bai buƙaci halittar wata duniya ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai a gadar Kennedy, Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe kundin, aka ji sheda, aka watse. Ranar 9 ga Afrilu 1999 an bindige shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai, aka fito a rediyo aka kira abin haɗari, tsarin mulkin shekarar kuma ya lulluɓe masu hannu a ciki da afuwa. Sai a 2015 kotun CEDEAO ta ce an tauye wa iyalinsa haƙƙin shari'a. Ga kuma takardun jabu da suka ce Nijar ta yi alkawarin sayar wa Iraƙi tan 500 na uraniyom, ɗayansu ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje a shekarar 2000, alhali ya bar kujerar tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ƙarya ne. Bayan mako biyu aka faɗa wa Bagadaza. Wannan ma an mai da shi fim a 2010, Fair Game, amma labarin jakada Joseph Wilson ne da matarsa. Nijar, wadda aka yi ƙaryar da sunanta, ƴan mintoci ta samu, ta koma bayan gari.

Sai dai babban misalin yana nan kusa, kan hanyar da ta bar Baleyara ta nufi Filinge. A 1925, a ƙauyen Shikal na ƙasar Kurfai, wasu iskoki da ba a taɓa sani ba suka hau kan wata mata mai suna Shibo, waɗansu littattafai su rubuta Zibo. Ba na dawa ba ne, ba na ruwan Kwara ba. Baƙi ne, sun ce daga Bahar Maliya suka fito, kuma da suka buɗe baki sai ga gwamna, ga janar, ga lokotoro, ga kafaran gardi. Dawakinsu na tafiyar soja, suna sara wa juna, suna riƙe bindigogin itace, suna shafa wuta a jiki ba ta ƙone su. Aka kira su Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. In ana neman labarin baƙi masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, waɗanda suka shigo ƙasa suka shiga jikin mutane, ga shi nan an yi shi shekara kusan 70 kafin Chris Carter.

Abin da ya tada hankalin bariki ba rawar ba ce. Samari da ƴan matan da suka bi Shibo sun ƙi biyan lanho, sun ƙi aikin tilas, sun juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransa ke mara wa baya a Kurfai, har wasu suka bar garuruwa suka kafa nasu zama a daji da nasu shugabanni. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo kimanin mutum 60, aka rufe su a kaso, aka gana musu azaba don su ce babu wasu iskoki. Sakamakon da ya samu shi ne mafi ban mamaki cikin labarin duka: ba a daɗe ba sai ga sabon iska ya bayyana, Kumandan Mugu, ana kuma ce masa Korsasi. Mutumin da ya zo kashe abin ya wayi gari yana cikinsa. Daga baya aka nisanta jagororin daga ƙasarsu, amma ƴan ci-rani sun riga sun ɗauki iskokin zuwa Kumasi da Ankara ta ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau.

Can ne silima ta same su. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki bikinsu na shekara a bayan birnin Ankara, bisa gayyatar shugabanninsu, ya fitar da gajeren fim mai suna Les Maîtres fous. Da aka fara nuna shi a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, Ingilishi suka hana nuna shi a Gwalkwas, a 1957 kuma ya ci kyauta a Venise. Ba za a ce Rouch maƙiyin Nijar ne ba. Shi ya buɗe wa Umaru Ganda ƙofar wannan sana'a, ya yi rayuwarsa da Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kabarinsa na Yamai. Amma adalci bai hana a faɗi abin da almakashinsa ya yanke ba. Labarin shekara talatin ne aka matse cikin yini guda. Abin da ya saura a idon duniya shi ne kumfa a baki, da idanu a juye, da karen da aka yanka aka dafa. Lanho ya fita, aikin tilas ya fita, rikicin sarautar Kurfai ya fita, macen da ta fara abin ma ba ita ce a gaba ba. Usman Samben bai yi ƙarya ba da ya zargi masu irin wannan aiki da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari.

Ga cuta biyu ke nan, kowace da kamarta. Amurkawa sun kai dogon labari silima sun ƙi rufe shi don kada kasuwa ta mutu. Rouch ya rufe nasa, amma ya bar tushen a waje. Wanda ke riƙe da almakashi shi ke da labari, shi ya sa Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ƙasar da ta haifi Mustafa Alasan, ta haifi Umaru Ganda wanda ya ɗauko babbar kyautar FESPACO a 1972, ba za ta ce ba ta da hannu ba. Abin da ta sha rasawa shi ne ƙarfin halin hukuma. Lokacin da Med Hondo ya tashi mai da littafin Abdullahi Mamani kan Sarauniyar Lugu fim, a Burkina Faso ya ɗauke shi, ya fito a 1986, ya ci kyautar FESPACO a 1987. Labarin Arewa, ƙasar Mosi. Tarihin da ya taɓa sarauta da mulki kullum yana da masu cewa a bar kaza cikin gashinta.

Za a samu masu cewa haka game da Shikal, kuma ba duka ne marasa hujja ba. Malamai za su ce bori shirka ne, bai kamata a yi masa ado ba. Amsa ita ce ba a nemi kowa ya yi imani da Kumandan Mugu ba. An nemi a fahimci abin da ya kai talakan Kurfai, wanda ba shi da jam'iyya, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba shi da jarida, ga aron rigar mai mulkinsa don ya ce masa a'a. Gidan sarauta ma yana da nasa bakin, domin sarkin da aka ce ya tara lanho ko ya rasa rawani shi ma tsakanin wuta biyu yake, kuma fim ɗin da ya mai da shi dodo kawai ya maimaita laifin da ake kuka da shi. Abin da ba za a karɓa ba shi ne a mai da labarin wasan kashi arba'in irin na kaset, a cika shi da soyayya da tsafi da "sai mako mai zuwa". Labari ne mai farko da ƙarshe: daga dandalin Shikal, zuwa kason Yamai, zuwa hanyar gudun dole. Awa biyu sun ishe shi, da Hausar Kurfai da Zabarmanci.

Kayan aikin suna nan. Rahotannin kumandojin wancan zamani na ajiye a gidajen adana takardu na Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Finn Fuglestad ya yi rubutu kan lamarin tun 1975, Nicole Echard ma ta yi nata, cibiyar IRSH na Yamai kuma an kafa ta ne don irin wannan. Kuɗin ma ba dalar Amurka miliyan 66 ba ne. Ƴan kasuwar Filinge da Baleyara da ke Yamai da Kwatano da Lome, waɗanda ke zuba dukiya a taron siyasar da ake mantawa bayan mako guda, da ma'aikata ƴan asalin yankin da suka san ƙofofin ofisoshi, sun isa su ɗauki nauyin matakin farko, wanda shi ne mafi araha kuma mafi gaggawa: a tura matasa da na'urar ɗaukar murya wurin tsofaffin Shikal da Itchigin da Tunfalis. Rashin tsaron da ya addabi jihar Tilaberi tun shekarun 2010 ya riga ya raba iyalai da dama da garuruwansu. Shekara 100 da tashin Shibo ta cika a 2025. Waɗanda suka gan ta da ido sun ƙare, saura waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu, su ma furfura ta gama kansu.