Ɗan Ƙwaya Ne Ko Mai Taɓin Hankali? Yaron Dai Guda Ne

'Yan'uwana mazauna Badun, na Shasha da na Sabo da na Ojoo. Yau magana ce mai ɗaci zan yi, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai ɗan yayana marigayi da na ɗauko daga gida yana da shekara 17, na sa shi dako a Kasuwar Shasha. Duk wanda ya san aikin nan ya san tirela ba ta jiran gari ya waye, da tsakar dare za ta iso da tumatir da albasa da attaruhu, kuma dole a sauke kafin rana ta lalata kaya. A nan abokan aiki suka koya masa shan tiramol, wai don jiki ya daina ciwo. Na sani, na yi faɗa, na kuma kawar da kai, tunda yana kawo kuɗi.

Sai rikicin watan Fabrairun 2021 ya zo, aka ƙona shaguna da gidaje, aka rasa rayuka, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwa. Yaron nan ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Daga baya kasuwa ta buɗe, kowa ya koma nemansa, amma shi barci ya ƙaurace masa. Ko kwano ya faɗi sai ya zabura. Ya ƙara yawan ƙwaya, ya haɗa da tabar wiwi don ya samu ya runtsa. Kafin shekara ta zagayo ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa za a kashe shi. Wata rana ya faɗi yana shure-shure a bakin rumfa.

Mun kai shi wani asibiti, aka ce mana ƙwaya ce, ya je ya daina sha tukuna mu dawo. Mun kai shi wani gidan da ake raba mutane da shaye-shaye, suka ce wannan ai taɓin hankali gare shi, ba nasu ba ne. Mun kai shi wurin malami, ya ce iska ce, kada a kuskura a ba shi maganin Bature. Ƙofa uku, kowace ta karɓi ɓangare ɗaya na yaron ta mayar mana da sauran. Da na nemi shawarar manya a kasuwa, amsa ɗaya na samu: "Alhaji, saka shi a motar da ta sauke kaya a mayar da shi gida." Wato in tura wa uwarsa, bazawara a ƙauye, abin da ya gagare mu a birnin da ke da asibitin koyarwa na UCH tun 1957!

To ni dai na ce wannan rabe-raben zalunci ne, kuma mu ma muna da hannu a ciki. Ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye sau da yawa tare suke tafiya, kowanne yana hura wutar ɗan'uwansa. Mai firgici da damuwa yana shan ƙwaya don ya samu sauƙi. Tiramol in ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, in kuma aka yanke ta farat ɗaya sai ciwon jiki da rashin barci da fargaba su taso. Wiwi kuma tana iya tayar da haukan da ke kwance a jikin wasu. Shin wanda ya ce "ka daina sha tukuna" bai san abin da ya sa ake shan yana nan daram ba? Wanda kuma ya kwantar da haukan ya sallami yaro ya koma rumfar da ake sayar da ƙwaya, me ya yi? Ɗinki ne a rigar da ake ci gaba da yagewa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce shi ya jawo wa kansa, rashin tarbiyya ne. Na ji. Amma binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekara guda, kuma shiyyar Kudu maso Yamma da muke zaune ita ce a gaba. Duk waɗannan iyayensu ne suka gaza? A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC, amma hana kwalba bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Wasu kuma za su ce a kai shi gidan mari, can ne ake ladabtar da irinsu. Jama'a, mun manta da Nuwamban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum 259 daga wani gida a Ojoo, nan kusa da mu, wasu da sarƙa a ƙafa? Kafin nan an ga irinsa a Rigasa ta Kaduna da Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, ƙofofin ne suka ƙare musu kamar yadda suka ƙare mini. Amma bulala ba ta sa mai jin muryoyi ya daina ji.

Kada kuma wani ya ce ina yaƙi da malamai. Abin da nake kira gare shi a ƙasar Yarbawan nan aka fara gwada shi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda mara lafiya ke zama da danginsa a cikin gari, likita yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Badun da Kumasi a kan masu taɓin hankali sama da 300. Inda ma'aikatan asibitin unguwa suka riƙa zuwa suna aiki tare da masu magani na gargajiya da na addini, marasa lafiya sun fi samun sauƙi bayan wata shida. In haɗin kai ya yi amfani a kan ciwo ɗaya, ina ga wanda ciwo biyu suka haɗu a kansa? Ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma daga gare mu zan fara. Ƙungiyoyinmu na kasuwa suna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta shigo. A ware wani abu a buɗe asusun jinya. Sarakunanmu na Shasha da Sabo su je su zauna da hukumomin lafiya na Jihar Oyo da likitocin ƙwaƙwalwa, a nemi a riƙa turo ma'aikaci ko sau ɗaya a mako, mu kuma mu ba da ɗaki da tafinta, domin yawancin yaranmu ba Turanci ba Yarbanci, ta yaya za su faɗi abin da ke damunsu? Kati ɗaya, wuri ɗaya, a duba ƙwaya da ƙwaƙwalwa a zama guda. Malam ya yi tofi da nasiha, amma ya ce wa yaro ya sha maganin likita. Maigida ya rage masa aikin dare. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa ciwo ne, neman maganinsa ba abin kunya ba ne.

Ɗan yayana dai daga ƙarshe Allah Ya haɗa mu da wata likita da ta karɓe shi gaba ɗayansa. Ni ne tafinta. Ta ba shi maganin muryoyin, aka janye shi daga tiramol sannu a hankali, wata nas tana zama da shi suna magana a kan abin da ya gani ranar gobara. Sau biyu yana komawa ruwa, sau biyu ba su kore shi ba. Yanzu yana kasa albasa a gefen rumfata, yana barci. Amma sai da muka yi shekara biyu muna yawo kafin mu dace, kuma shi yana da baffa. Wanda ya zo cirani ba shi da kowa, yana kwana a ƙarƙashin tirela, wa zai yi masa wannan yawon?

A taron ƙungiya mai zuwa zan miƙe in kawo maganar asusun nan. Wanda ya yarda da ni ya zo ya mara mini baya, wanda bai yarda ba ya zo da tasa dabarar, ban da mota da sarƙa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.