Koci, Gajiyar da Yaro Ba Koyar da Gudu Ba Ce

Ranar Asabar da ta wuce na goya ɗan ƙanwata a babur zuwa asibiti, yana dafe da bayan cinyarsa yana cije leɓe. Shekararsa goma sha shida. A duk unguwarmu babu yaron da ke kamo shi in ya ɗauki ƙwallo ta gefen dama. Likita ya duba ya ce tsokar bayan cinya ce ta yage, kuma sai ya yi makonni bai taka fili ba. Da na tambayi yaron yadda aka yi, sai ya ce, “Kawu, kwana shida ke nan a jere Koci yana sa mu gudu. Yau ina ɗaga ƙafa na ji kamar an jefe ni da dutse.”

Washegari na je filin da kaina. Na tarar da yara sun fi talatin suna zagaye fili cikin rana, harsuna a waje, mutum ɗaya yana tsaye a inuwa da usur a baki. Na gaishe shi, na ce, “Malam, yaushe yaran nan suke hutawa?” Ya dube ni ya ce, “Alhaji, in ba su sha wuya ba, ba za su yi gudu ba.” Wannan maganar ce ta hana ni barci, domin ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke nakasa ’ya’yan mutane a filayen ƙwallo da na tsere a garuruwanmu.

Gudu mai tsanani aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne kafin ya zama aikin ƙafa. Su ne ke aika wa tsoka umarni ta ɗaure ta saki cikin ƙiftawar ido. Makamashin gaggawa da ke ajiye a cikin tsoka ba ya wuce daƙiƙa goma ana zubar da shi, kuma yana bukatar minti uku zuwa biyar kafin ya taru sosai. To, yaron da aka sa ya tsere mita arba’in sau ashirin, ana hura masa usur duk bayan rabin minti, me yake koya? Daga karo na uku ko na huɗu ya daina gudu da iyakar saurinsa. Abin da ya rage shi ne yana koya wa jikinsa tafiya a gajiye, da ƙafa mai nauyi da taku mara kyau. Haka ake mayar da barewa jaki.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Charlie Francis, kocin ’yan tsere na ƙasar Kanada, ya tsara shi tun shekarun 1980. Sunansa ya ɓaci saboda ɗalibinsa Ben Johnson, wanda aka ƙwace wa lambar zinariya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma wannan laifi ne da ba a wanke shi. Amma tsarin rabon ranakun da ya yi bayani a kai, masu horarwa suna amfani da shi har yau. Ya raba horo gida biyu. Akwai rana mai nauyi, wadda ɗan wasa ke gudu da kashi 95 cikin ɗari na saurinsa ko fiye, gajeren zango, karo kaɗan, da hutu mai tsawo a tsakani. Akwai rana mai sauƙi, wadda ba ya wuce kashi 75 cikin ɗari, sassarfa a kan ciyawa da motsa gaɓoɓi, don jini ya zaga jiki ya warware. Tsakanin rana mai nauyi da wata, a bar aƙalla awa 48.

Abin da ya fi gargaɗi a kai shi ne tsakiya, wato gudun da bai kai ya ƙara maka sauri ba, amma ya isa ya hana ka farfaɗowa. A nan tsakiyar kociyoyinmu suka kafa bukka. Litinin wuya, Talata wuya, Laraba wuya, ba rana mai nauyi ta gaskiya, ba rana mai sauƙi ta gaskiya. In aka ci su wasa ranar Lahadi, Litinin sai a hukunta su da zagaye fili ashirin, alhali wasan kansa shi ne rana mafi nauyi a mako. Sannan a ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, a kan cikin da ba abin da ya shiga sai koko da ƙosai. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa yana ganin taimako yake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun san gaskiyar nan a gida. Je ka tambayi mai dokin sukuwa ko yana sakar wa dokinsa linzami kullum. Zai ce maka a’a. Yau ya sukwane shi, gobe kilisa kawai, ya ba shi harawa da ruwa, ya wanke shi, ya duba kofatonsa. Mun san darajar ƙafar doki, amma ƙafar ɗan talaka ba ta da mai tausayi.

Kuma baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Olusoji Fasuba ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.85 a Doha a 2006, ya riƙe tarihin Afirka shekara goma sha biyar. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya na tseren tsallake shinge da daƙiƙa 12.12 a Amurka a 2022. Ahmed Musa, wanda ya taka leda a Kano Pillars, da gudu ya tarwatsa ’yan bayan Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018. Yara nawa masu irin wannan ƙafa muka karya kafin su cika shekara goma sha takwas, suka koma gefen fili suna ɗingishi?

Gyaran ba ya cin ko kwabo. In wasa ranar Lahadi ne, Litinin a huta ko a yi sassarfa mara nauyi. Ranar Laraba a yi gudun gaske, bayan an ɗumama jiki sosai, tun ƙafa ba ta gaji ba: mita talatin sau biyar ko shida, da hutun minti uku a tsakani. Da zarar an ga saurin yaro ya fara raguwa, a tsaya. Sauran ranaku a ba su ƙwallo, dabara da aiki mai sauƙi. A bar su su yi barci, a ba su ruwa.

Kociyoyi, amana aka ba ku, kuma za a tambaye ku a kanta. Yawan gumin da ya zuba a fili ba shi ne shaidar iya aikinku ba, shaidar ita ce yaro ya fi sauri a ƙarshen kaka kuma ƙafarsa lafiya. Iyaye, ku je filin ku gani da idonku, ku tambayi koci wace rana ce mai nauyi, wace ce mai sauƙi a makonsa. In ba shi da amsa, ku kama hannun ɗanku ku tafi da shi gida.