Iyaye, Ku Daina Rage wa Yara Shekaru

'Yan'uwa, da an fara gasar ƙwallon matasa a Sabon Tasha ko Narayi, sai iyaye su hau tada jijiyar wuya: ɗan wa ya fi cin ƙwallo, wa ya rubuta maki, don me kwamiti ya ajiye ɗana a benci. Amma a kan shekarun 'yan wasa, kowa ya yi gum. Mai aske gemu yana buga wasa cikin 'yan ƙasa da 15, kuma mahaifinsa ne ya je kotu ya rantse a kan shekarun ƙarya.

Za ku ce kowa na yi. To, a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa, ta kuma ƙwace mana karɓar gasar 1991. A 2009, da aka buga gasar 'yan ƙasa da 17 har a Kaduna, sai da na'urar MRI ta duba wuyan hannun 'yan wasa.

Yaron da ya faɗi gaskiya ya rasa gurbinsa, naka kuma ya koyi cewa ƙarya tana biya. Kwamiti, ku nemi takardar haihuwa da ta makaranta kafin rajista, ko da ɗan dattijon ikilisiya ne.