Rera Waƙar Wani Ba Sata Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, na sha jin waɗansu a kwalejin nan suna cewa wai mawaƙin da ya rera waƙar wani ɓarawo ne. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Ku dubi Elton John, makaɗin piyano na Ingila, wanda aka haifa a 1947. Kafin ya shahara, watau a 1969 da 1970, yakan rera waƙoƙin waɗansu a fayafayai masu araha, ba a ko buga sunansa a jiki. A ganina wannan aiki ya taimaka hannunsa ya faɗa. Cikin 1970 ɗin ya fito da tasa, "Your Song", wadda Bernie Taupin ya rubuta wa baitoci. Waƙa ce mara hayaniya, piyano ne ke jan gaba. In kun ji ta, kun ji gwaninta.

Shi ma aka ari nasa. A shekarar nan Aretha Franklin ta Amurka, 'yar fasto, ta ɗauki "Border Song" ta rera da muryar majami'a, har tata ta fi tasa karɓuwa a can. Wa aka cuta?

To, mu ma da kwaikwayon malamanmu muke koyon tsayawa gaban aji. Da rarrafe yaro kan tashi. Amma fa sharaɗi biyu ne: a faɗi mai abu, a kuma ƙara da na kai.