Tayar Keken Zuwa Aiki: Lokaci Kake Saye, Ba Gudu Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabarsa a biranenmu. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da akawun kotu, waɗanda da ke ganin hawan keke abin kunya ne, yanzu da yawansu sun sayi siraran kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Ni ma ina cikinsu. A watannina na farko na fahimci cewa abin da ke raba mutum da keke ba gajiya ba ce, ba kuma zafin rana ba. Faci ne. Wata safiya ina da alkawarin hira da ƙarfe tara, tayar baya ta sace saura tafiyar minti goma. Na isa ina tura keke, hannuwa baƙi ƙirin, wanda zan gani kuwa ya riga ya fita.

Matsalar ta girmi kowannenmu. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya haɗa taya mai iska don keken ɗansa. Iskar ce ta kawo taushi da gudu, ita ce kuma ta kawo faci. Tun daga lokacin masu ƙera taya ke cinikin abu uku: sauƙin gudu, rashin nauyi, da juriya. Ba a samun ukun gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne mai zuwa aiki ya zaɓi juriya, ya bar wa 'yan tsere sauran biyun.

Kafin zaɓe, ya kamata a san cewa faci iri uku ne, kuma taya mai tsada ɗaya kawai take magancewa sosai. Na farko shi ne huda: kwalba, ƙusa, siririyar wayar ƙarfe da ke fita daga tsofaffin tayoyin mota, da ƙaya. Tsidau, wanda ke yaɗo a gefen hanyoyinmu bayan damina, ya yi ƙaurin suna har Turawa suka raɗa masa sunan da ke nufin mai huda taya. Na biyu shi ne matsewa: iska ta yi ƙasa, ka faɗa rami, bakin ƙarfen wili ya datse tub ya bar ƙofofi biyu a jere kamar saran maciji. Na uku daga ciki yake zuwa, idan ƙyallen da ke rufe kawunan sufoka ya lalace, ko bawul ya tsage. Wanda bai duba inda iskarsa ke fita ba zai iya kashe kuɗi a kan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Kariya daga huda hanya biyu ake yin ta. Akwai masu shimfiɗa siririn saƙa mai tauri a ƙarƙashin roba, da zare irin Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, ko Vectran, ko nailan mai ƙarfi. Continental Gatorskin na cikin wannan rukuni: ba ta da nauyi sosai, tana tare gilashi, amma doguwar ƙaya mai tsini kan iya ratsa ta. Akwai kuma masu dogaro da kauri. Schwalbe Marathon Plus tana da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin gadonta, wadda ta fi tsawon yawancin abin da ke huda taya. Kuɗin wannan kariya shi ne nauyi: mai faɗin milimita 28 tana kai kusan giram 750, alhali tayar tsere mai faɗi ɗaya ba ta kai giram 300.

A nan ne masu son gudu ke ja da baya, kuma suna da gaskiyarsu. Taya mai kauri tana cin ƙarfi, ana jin ta a ƙafa duk lokacin da aka tashi daga tsayuwa. Amma mu yi lissafi. Idan wurin aikinka kilomita 10 ne kana tafiya kilomita 20 a awa, minti 30 za ka yi. Ko da tayar ta rage maka kilomita ɗaya a awa, abin da ta ƙara maka bai kai minti biyu ba. Faci ɗaya kuwa, tsakanin tura keke da neman mai gyara da jiran gam ya bushe, yana iya cinye rabin awa. Bambancin ma ya wuce adadi. Minti biyun ka san da su, za ka iya fita da wuri. Rabin awar faci ba ta sallama, kuma tana iya faɗowa ranar da shugabanka ke jiranka.

Wasu kuma za su ce ai mai faci na kowace kwana, aikinsa kuma ba tsada. Haka ne, kuma shi ya sa ban ce kowa ya sayi mafi kauri ba. Sai dai mai faci ba ya buɗewa da asuba, ba ya nan bayan isha'i, kuma ba kowanne ke da famfon da ya dace da siririn bawul ɗin da ke kan waɗannan kekuna ba. Wanda hanyarsa kwalta ce mai kyau a tsakiyar gari, taya mai siririn saƙa ta ishe shi. Wanda ke bi ta gefen kasuwa, ko unguwar da ake gine-gine, ko turɓaya mai ƙaya, kauri ne nasa. Idan aljihu bai kai biyu ba, a sa mai kyau a baya: can ne fiye da rabin nauyi yake, can faci ya fi yawa, can kuma cire wili ya fi wahala saboda sarƙa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ya duba da idonsa. Na farko, lamba. A gefen kowace taya akwai rubutu irin 28-622: adadin farko faɗi ne, na biyu girman wili, duk a milimita. Wannan yana da muhimmanci a kasuwanninmu, domin tayar tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix 635 ce, ta yawancin siraran kekuna kuwa 622, amma duka ana kiran su inci 28. Ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Na biyu, faɗi. Idan ƙirar kekenka ta ba da sarari, ka bar milimita 23 ko 25 ka koma 28 ko 32. Iskar da ke ciki ta fi yawa, don haka rami ba ya saurin datse tub. Na uku, shekaru. Roba tana bushewa a zafi da rana ko da ba a hau ta ba. Ka lanƙwasa gefen tayar, in ka ga tsaga-tsaga ka ajiye ta, komai sunan da ke jikinta. Taya mai babban suna a farashin banza kuwa abin tuhuma ce, araha ba ta ado.

Ana yawan yi mini tambaya a kan tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe ƙofa da kansa. Tana aiki sosai a kan ƙaya, amma ruwan yana saurin bushewa a zafi irin namu, sai an riƙa ƙarawa bayan 'yan watanni, kuma samun sa ba sauƙi. Tayar roba zalla marar iska, irin ta Tannus, ba ta faci sam, sai dai kowane gargada na hanya a bayanka zai sauka.

Abin da ya fi komai araha shi ne famfo mai ma'auni. Tub yana sakin iska a hankali ko babu ƙofa, don haka ka duba sau ɗaya a mako, ka tsaya cikin iyakar da aka rubuta a gefen tayar. Ka riƙa zare guntayen gilashi da suka maƙale kafin su nutse. Ni dai na sa mai kauri a baya, mai sauƙi a gaba, ina ɗauke da tub ɗaya da ƙaramin famfo a jaka. Keken ya ɗan yi nauyi, amma yanzu idan na ce wa mutum ƙarfe tara, ina isa ƙarfe tara.