Ba Kowace Karaya Ce Ta Mai Ɗori Ba



Mun san darajar masu ɗori a cikinmu. Yaro ya faɗi a filin ƙwallo ko ɗan acaɓa ya yi haɗari, wurinsu ake fara nufa. Sai dai akwai cututtukan ƙashi da ba a cika gani ba, waɗanda ɗauri da man shafawa ba sa warkarwa, sai ma su cinye lokacin da ya kamata likita ya duba.

Ɗaya daga ciki shi ne ƙashi mai gautsi. Da shi ake haihuwar yaro, galibi gado ne, kuma cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000 akan sami ɗaya. Yaron yakan karye akai-akai ba tare da wata faɗuwar kirki ba, wani ma garin ɗauka ko wanka. Sau da yawa farin idonsa yakan yi shuɗi-shuɗi. Wannan ba maita ba ce, ba kuma sakacin uwa ba ne. Ba a raba yaro da ciwon, amma akwai maganin ƙarfafa ƙashi, akwai kuma tiyatar sanya ƙarfe a cikin ƙashin don ya miƙe.

Na biyu ya fi haɗari. Matashi ɗan shekara 10 zuwa 20 ya tashi da kumburi kusa da gwiwa, ciwon na hana shi barci, kullum kumburin ƙaruwa yake. Wannan na iya zama sankarar ƙashi. Idan aka shafe watanni ana murza da sakiya, tana iya kaiwa huhu, kuma yanke ƙafar da ake tsoro ya zama dole.

Ra'ayinmu shi ne, a irin wannan hali a fara da hoton ƙashi. Ga Babban Asibitin Minna, ga Asibitin Ƙwararru na IBB. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da ke wannan aiki tun 1959.

Mun san kuɗin mota da na hoto ne ke mayar da iyaye baya. Don haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware wani abu daga asusunta domin wannan. Shugabanninmu kuma su zauna da masu ɗorin unguwa, a yi yarjejeniya: karayar da ta maimaitu da kumburin da ba faɗuwa, a tura asibiti tun ranar farko.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.